Darasi na Bakwai: Yadda Jaridu Suka Kawo Labarin Yaƙin Iraƙi na 2003

Duk yaƙin da ba a ƙofar gidanka ake gwabza shi ba, ta bakin wani kake jin sa. Mutumin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi bai ji ƙarar bam ko ɗaya ba da asubahin ranar 20 ga Maris 2003, lokacin da Amurka da Birtaniya suka far wa Iraƙi. Abin da ya sani game da yaƙin, wani ne ya gani ya rubuta, wani ya rage masa tsawo, wani ya ɗora masa kanu ya zaɓa masa hoto, wani kuma ya fassara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannaye ya ɗauki wani abu ya bar wani. Su ne za mu bi a wannan darasi.

An zaɓi yaƙin Iraƙi ne saboda ƙurarsa ta lafa har an samu damar bincike. Kwamitoci sun zauna a Amurka da Birtaniya, takardun sirri sun fito fili, wasu manyan jaridu ma sun koma sun duba aikinsu sun faɗi inda suka kasa. Don haka muna iya ajiye abin da aka buga a lokacin kusa da abin da ya tabbata daga baya. Za ku ga cewa a mafi yawan wuraren da aka ɓatar da mai karatu, ba a shirga masa ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Jami'in da aka ce ya faɗi magana, ya faɗe ta. Hoton da aka buga, an ɗauke shi da gaske. Daga zaɓi da tsari ɓatan ya zo, kuma wannan ya fi ƙarya wuyar kamawa.

Wane yaƙi ne ya isa labari?

Editan labaran waje yakan samu rahotanni fiye da ƙima kowace rana, filin da aka ba shi kuwa shafi ɗaya ne ko biyu. Dole ya zubar da mafi yawa. A 1965 wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, sun nazarci yadda jaridu huɗu na ƙasarsu suka kawo rikicin Kwango da na Kyuba da na tsibirin Kubrus, suka fitar da sharuɗɗan da ke sa abu ya zama labari. Daga ciki akwai cewa abin ya auku farat ɗaya, ya shafi manyan ƙasashe ko manyan mutane, ya zama mai sauƙin bayani, kuma mai karatu ya ji yana da wata alaƙa da waɗanda abin ya shafa.

Ku auna wannan da shekarar 2003. A lokacin da duniya ta zuba wa Bagadaza ido, ana wani yaƙin a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tun watan Agusta 1998. Sojojin Ruwanda da Yuganda da Burundi sun shiga ta gefe guda, na Angola da Zimbabuwe da Namibiya, har da Chadi na ɗan lokaci, suka shiga ta ɗaya gefen. Ƙungiyar agaji ta International Rescue Committee ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.4 ne suka mutu a sanadiyyarsa daga 1998 zuwa 2007, akasari saboda yunwa da cuta da gudun hijira. Wasu masana sun ce adadin ya yi yawa, amma ko a ƙididdigarsu asarar rayukan ta fitar hankali ce. Ranar 3 ga Afrilu 2003 an kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan sa'o'i a garin Drodro da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a yankin Ituri. A wannan ranar dai, jaridar Washington Post ta fito da labarin wata sojar Amurka guda ɗaya, Jessica Lynch, a shafinta na farko, duniya kuma ta ɗauka. Za mu komo gare ta.

Me ya sa Kwango ba ta samu shiga ba? Babu sojan wata babbar ƙasa da ke mutuwa a can. Ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai sun yi yawa, ba a iya bayyana su cikin jimla uku. Mutuwar kuma a hankali take zuwa, yaro ya mutu da gudawa a daji yau, tsohuwa ta bi shi gobe, babu wata rana guda da za a ce ga ranar. Sannan akwai batun kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba. Ajiye wakili a fagen yaƙi na cin kuɗi ainun: mota da direba, tafinta, wayar tauraron ɗan Adam, inshora. A Iraƙi sojojin Amurka ne suka ɗauki 'yan jarida a motocinsu suka ciyar da su. A Ituri kowa tasa ta fisshe shi. Inda babu wakili babu hoto, labarin da ba shi da hoto kuwa da wuya ya hau shafin farko.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jaridunmu ba su cika samun ƙarfin ajiye wakili a Bagadaza ko Ituri ba, sai su dogara da manyan kamfanonin dillancin labarai guda uku: Reuters na Landan, AP na New York, da AFP na Paris. Waɗannan kamfanoni suna da ƙwararrun ma'aikata, kuma sun ba da rahoton kisan Drodro. Amma yawan abin da suke turowa daga kowane wuri ya danganta da abin da manyan masu sayen labaransu ke so, su kuwa suna Turai da Amurka. Edita a Kaduna ko Yamai yana zaɓa ne daga cikin abin da wani ya riga ya zaɓa. Shi ya sa a wancan lokacin mai karatu ɗan Afirka zai iya lissafo maka garuruwan Iraƙi, Basra da Nasiriyya da Tikrit, amma bai taɓa jin sunan Drodro ba.

Daga bakin wa?

Hujjar da aka kafa don yaƙin ita ce shugaban Iraƙi Saddam Hussein ya ɓoye makaman ƙare dangi. Mu dubi labari guda da kyau, domin a cikinsa akwai darasin gaba ɗaya.

Ranar Lahadi 8 ga Satumba 2002 jaridar New York Times ta buga rahoton Michael Gordon da Judith Miller a shafin farko. Rahoton ya ce Iraƙi ta yi ƙoƙarin sayen dubban bututun alminiyom, kuma jami'an Amurka sun yi imanin na injinan tace yuraniyom ne don haɗa bam ɗin nukiliya. Jami'an duk an sakaya sunayensu. Da safiyar wannan Lahadin, mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya bayyana a talabijin ɗin NBC, ya kafa hujja da rahoton jaridar. Ku lura da zagayen: gwamnati ta raɗa wa jarida magana a asirce, jarida ta buga, gwamnati ta ɗaga jaridar ta ce ga shaida. Mai kallo zai ɗauka bakuna biyu ne suka yi daidai, alhali baki ɗaya ne ya yi magana sau biyu. A daidai lokacin, ƙwararrun ma'aikatar makamashi ta Amurka, waɗanda su ne suka fi kowa sanin injinan tace yuraniyom, suna ganin bututun sun fi kama da na rokoki irin na sojan ƙasa. Su ne suka yi gaskiya. Amma ra'ayinsu bai fito a rahoton farko ba, da ya fito daga baya kuma sai aka tura shi can cikin jarida, aka nuna shi tamkar na 'yan tsiraru.

Kada a fahimci cewa duk labarin da aka sakaya sunan majiya ƙarya ne. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ba ya iya tona asirin manya sai an rufa masa asiri, kuma da irin wannan ne aka bankaɗo ɓarna da dama. Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, wannan mai maganar me yake tsoro da har aka ɓoye shi? Wanda ke faɗin abin da shugabansa ke so a ji ba shi da abin tsoro. Ɓoye sunansa ba ya kare shi daga komai sai daga ɗaukar alhakin maganarsa.

A Birtaniya abin ya zo ta hanyar kanun labarai. Ranar 24 ga Satumba 2002 gwamnatin Tony Blair ta fitar da wani kundi da ya ce Iraƙi na iya harba wasu makamanta masu guba cikin minti 45 da ba da umarni. Da yamma jaridar Evening Standard ta ɗora wannan minti 45 a kanunta, kashegari The Sun ta nuna wa masu karatunta cewa 'yan Birtaniya na cikin haɗari. Daga baya ya bayyana cewa bayanin sirrin da aka dogara da shi makaman filin daga yake nufi, ba makamai masu linzami masu cin dogon zango ba, kuma a 2004 hukumar leƙen asirin ƙasar ta janye shi ɗungurungum. Mutane da yawa kanu kawai suke karantawa a teburin mai jarida su wuce. Wanda ya rubuta kanu sau da yawa ba shi ne wanda ya rubuta labarin ba.

Akwai waɗanda suka yi aikinsu yadda ya kamata. A ofishin Washington na kamfanin jaridu na Knight Ridder, Jonathan Landay da Warren Strobel sun riƙa tuntuɓar matsakaitan jami'ai, masu nazarin bayanan sirri da hafsoshin soja, suka yi ta buga cewa hujjojin ba su da ƙwari. Sai dai kamfaninsu ba shi da jarida a New York ko Washington, don haka manya suka yi kunnen uwar shegu da su. A Washington Post ma akwai Walter Pincus, wanda ranar 16 ga Maris 2003, saura kwana huɗu a fara yaƙi, ya rubuta cewa Amurka ba ta da takamaiman bayani a kan makaman. An buga labarin, amma a shafi na 17. A 2004 wani ma'aikacin jaridar, Howard Kurtz, ya ƙirga labarai fiye da 140 da suka hau shafin farko daga Agusta 2002 zuwa fara yaƙin, waɗanda suka fi mai da hankali ga maganganun gwamnati a kan Iraƙi. Jaridar za ta iya cewa ta kawo kowane ɓangare, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma wanda ya karanta ta wata bakwai a jere ya san ɓangaren da ta ɗauka da nauyi.

Takardun Nijar

Wani sashe na wannan tarihi ya ratsa ta ƙasar Nijar. An yi zargin cewa Iraƙi ta ƙulla yarjejeniyar sayen tan 500 na yuraniyom daga Nijar. A watan Fabrairu 2002 hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya gana da tsofaffin jami'ai da masu harkar ma'adinan, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru. Duk wanda ya san Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom ɗin, zai gane dalili: a lokacin kamfanin Faransa na Cogema ne ke riƙe da ragamar haƙar, kuma kaya masu yawa haka ba sa fita ba tare da an sani ba.

A watan Oktoba 2002 wani dillalin bayanan sirri ya kai wa wata 'yar jarida a Italiya, Elisabetta Burba ta mujallar Panorama, takardun da aka ce su ne shaidar cinikin. Ta je Nijar da kanta ta bincika, ta ga labarin ba ya tsayuwa, mujallar ba ta buga shi ba. Amma an riga an miƙa kofin takardun ga ofishin jakadancin Amurka a birnin Rum. Ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba George Bush ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ba a daɗe ba ƙwararrunta suka gano na jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Jaridu sun kawo wannan, amma gangar yaƙi ta riga ta fi shi amo, kuma ƙasa da mako biyu bayan nan aka fara ruwan bama-bamai. Sai a watan Yuli, bayan Wilson ya rubuta labarin tafiyarsa a New York Times, fadar White House ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin shugaban ba.

Abin takaici a nan shi ne kuskuren da ke cikin wasiƙar, tsohon ma'aikacin gwamnati ko ɗan jarida a Yamai zai gane shi da kallo ɗaya. An ɗora wa ƙasa zargi mai nauyi, aka yi ta tattauna ta a manyan biranen duniya, mutanenta kuwa da ƙyar aka ji muryarsu a cikin labarin.

Mai jarida da mai saye

Jarida tana da mai ita. A watan Fabrairu 2003 Roy Greenslade na jaridar Guardian ya yi nazarin jaridun attajirin nan Rupert Murdoch, wanda a lokacin ke da fiye da 175 a nahiyoyi uku, ya nuna yadda editocinsu suka bi sahun maigidansu wajen goyon bayan yaƙin. Ba lallai ne a kira edita a waya ba. Ya san wanda ya ɗauke shi aiki. Mu ma mun san wannan a tarihinmu: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, jaridar hukumar mulkin mallaka ce, kuma labarin Yaƙin Duniya na Biyu da ta kawo wa Hausawa daga ɓangaren Ingila ta kawo shi.

Mai saye shi ma yana da hannu. Daily Mirror ta Landan ta yi adawa da yaƙin ba ɓoye-ɓoye, amma da sojojin Birtaniya suka shiga fage cinikinta ya faɗi, domin mutane da yawa ba sa son jin suka a lokacin da 'ya'yansu ke bakin daga. Kuma adawa da yaƙi ba ta hana kuskure ba. A watan Mayu 2004 an kori editanta Piers Morgan bayan ta buga hotunan da aka ce na sojojin Birtaniya ne suna cin zarafin wani ɗan Iraƙi, suka zama na bogi. Labarin da ya yi daidai da abin da mutum ya riga ya yarda da shi, shi ne ya fi saurin wucewa ba bincike, ga edita da mai karatu duka.

Inda ɗan jarida ya tsaya

Ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki 'yan jarida kusan 600 ta rarraba su cikin rundunoninta. Suna kwana tare da sojoji, suna ci tare, sojojin ne ke kare rayukansu, kuma sun sa hannu a kan sharuɗɗan abin da ba za su bayyana ba. Da yawansu sun yi aiki da gaskiya da jarumta. Amma wanda ke bayan igwa yana ganin tashin harsashi ne, ba ya ganin inda ya sauka. Waɗanda suka zauna a Bagadaza kuma ma'aikatar watsa labaran Saddam ta haɗa kowannensu da ɗan rakiya mai sa ido, ministanta Muhammad Sa'id al-Sahhaf yana ta musun cewa Amurkawa sun iso har tankokinsu suka shigo gari. Bayan faɗuwar gwamnatin, shugaban sashen labarai na CNN, Eason Jordan, ya rubuta cewa shekara da shekaru sun danne wasu labaran azabtarwa da suka sani don kare ma'aikatansu 'yan Iraƙi. Kowane ɓangare yana da abin da yake so a gani, kuma zaluncin Saddam gaskiya ne: a 1988 jiragensa sun kashe kimanin mutum 5,000 da iskar guba a Halabja.

Hoton da ya fi kowane shahara shi ne na ranar 9 ga Afrilu 2003, lokacin da aka tumɓuke mutum-mutumin Saddam a dandalin Firdausi. Hotunan da aka ɗauka daga kusa sun nuna cincirindon jama'a suna murna. Wanda aka ɗauka daga nesa ya nuna 'yan ɗaruruwa ne, cikinsu har da 'yan jarida da sojoji masu yawa, kuma mafi yawan filin fayau yake. Motar sojan Amurka ce ta ja mutum-mutumin da sarƙa har ya faɗi. Dandalin kuma yana gaban otel ɗin Falasɗinu, masaukin 'yan jaridar waje, shi ya sa kyamarori suka yi yawa a wurin. Murnar waɗanda suka taru ta gaskiya ce. Amma an ɗauki wani ɗan fili aka mai da shi hoton ƙasa baki ɗaya, aka kuma sa mutane suka ɗauka yaƙi ya ƙare, alhali mafi yawan waɗanda za su mutu a cikinsa suna raye a ranar. Kwana ɗaya kafin nan, tankar Amurka ta harbi wannan otel ɗin ta kashe masu ɗaukar hoto biyu, Taras Protsyuk na Reuters da José Couso ɗan Sifaniya, an kuma kashe Tariq Ayyub na Aljazeera a harin da aka kai ofishinsu.

Wa ke da suna, wa ke da lamba?

Mu koma ga Jessica Lynch. Shekarunta 19, an kama ta a Nasiriyya ranar 23 ga Maris, aka ɗauko ta daga wani asibiti ranar 1 ga Afrilu. Washington Post, ta bakin jami'an da ba a ambaci sunansu ba, ta ce ta yi ta harbi har harsashinta ya ƙare, an harbe ta an kuma soke ta. Duniya ta san garinsu da iyayenta da burinta na zama malamar makaranta. Gaskiyar ita ce motarsu ce ta yi karo ta ji rauni, bindigarta ta cije ba ta harba ko ɗaya ba, likitocin Iraƙi ne suka yi jinyarta, kuma sojojin Iraƙi sun bar asibitin kafin masu ceto su iso. Ita da kanta ta tsaya gaban majalisar Amurka a 2007 ta ƙaryata labarin jarumtar da aka ɗora mata, abin da ya cancanci a yaba mata.

A cikin makon da take asibiti, ranar 28 ga Maris, wani makami ya faɗa kasuwa a unguwar Shu'ala ta talakawan Bagadaza ya kashe fiye da mutum 50. Jami'an Amurka da Birtaniya suka ce mai yiwuwa na Iraƙi ne ya faɗo. Robert Fisk na jaridar Independent ya je wurin, aka ba shi wani guntun ƙarfe mai lambobi a jiki, ya buga lambobin, aka bi diddiginsu har zuwa kamfanin ƙera makamai na Raytheon a Amurka. Mutanen kasuwar suna da iyaye da buri kamar Lynch, amma a mafi yawan jaridu adadi kawai suka zama. Zuciyar ɗan Adam tana bin mai suna da fuska, kuma edita ya san haka.

Ko adadin ma ba daidai aka riƙe shi ba. An san sojojin Amurka kusan 4,500 da na Birtaniya 179 da suka mutu, kowanne da sunansa. Na 'yan Iraƙi kuwa har yau ana gardama. Ƙungiyar Iraq Body Count, mai tattara mutuwar da aka rubuta a rahotanni, ta lissafa fararen hula fiye da 100,000 zuwa 2011. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 ya ƙiyasta kimanin 655,000, wasu masana suka soki hanyar da aka bi. Idan kun ga adadi a labarin yaƙi, ku nemi wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga.

Kalmomi ma suna ɗaukar ɓangare. Gwamnatin Amurka ta laƙaba wa yaƙin sunan 'yantar da Iraƙi, wasu tashoshin talabijin suka manna sunan a allonsu dare da rana. Kafofin Larabawa da yawa mamaya suka kira shi, kuma a watan Mayu 2003 ƙuduri mai lamba 1483 na Kwamitin Sulhu ya ambaci Amurka da Birtaniya a matsayin masu mamaya. Ku lura kuma da ginin jimla. "Mutum 50 sun rasa rayukansu a wata fashewa" da "jirgin yaƙi ya kashe mutum 50" suna iya zama labarin abu ɗaya, amma ta farko ta ɓoye wanda ya aikata. Idan jarida tana amfani da ta farko ga wani ɓangare, ta biyu ga ɗaya ɓangaren, kun gano inda ta karkata.

Gyara

Ba a samu makaman ba. Tawagar binciken da Amurka ta kafa da kanta ta tabbatar da haka a 2004. Ranar 26 ga Mayu 2004 editocin New York Times suka buga bayani suna amsa cewa wasu rahotanninsu ba su samu tantancewar da ta kamata ba, kuma sun dogara da 'yan gudun hijirar Iraƙi masu burin kifar da Saddam, irin su Ahmad Chalabi. Wannan abin a yaba ne, jaridu kaɗan ne ke yin haka. Amma bayanin a shafi na 10 ya fito, bayan wata 14 da fara yaƙi, labaran da yake gyarawa kuwa da yawansu a shafin farko suka fito. Abin da ya riga ya zauna a kai yana da wuyar fita. A watan Satumba 2003 wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta Washington Post ta nuna kashi 69 cikin 100 na Amurkawa suna ganin mai yiwuwa Saddam na da hannu a harin 11 ga Satumba 2001, abin da babu wata shaida a kansa.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya samo labarin wani yaƙin waje da ake yi a yanzu, na rana ɗaya, daga kafofi biyu mabambanta: jarida, ko sashen Hausa na wata rediyo, ko shafin intanet. Wanda karatunsa ya fi ƙarfi ya karanta wa sauran a bayyane. Ku ja layi a ƙarƙashin duk wanda aka ji ta bakinsa, ku ƙirga nawa ne jami'an gwamnati ko soja, nawa ne mutanen da abin ya faɗa wa, nawa ne aka sakaya sunansu. Ku duba ko an faɗi garin da marubucin yake lokacin da ya rubuta, da kamfanin dillancin labaran da aka ɗauko daga gare shi. Sannan ku rufe labarin, kowa ya rubuta masa kanu da hannunsa, ku kwatanta naku da na jaridar.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya riƙa rubuta sunan duk ƙasar da ya ji labarin yaƙinta na tsawon mako guda, da yawan lokutan da ya ji. Malami zai zo da taswirar duniya domin a sa alama a kan ƙasashen da aka ambata, sannan a nemo waɗanda ake yaƙi a cikinsu amma ba su fito a takardar kowa ba.